Mita ta nuna bolt 12 amma birkin tirela ba ya kamawa: kwantirola ce ta mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina zaune a Amurka, sana'ata ɗauko motocin gwanjo in kai su tashar jirgin ruwa. Ina da fikof da ƙaramar tirela mai aksil biyu, ƙafa huɗu, kowace da birkin lantarki. Kwanan nan idan na taka birki sai in ji tirelar tana turo ni ta baya. Na zare filogin na auna soket ɗin bayan mota da mita. Idan na ja libar hannu ta jikin kwantirola ina ganin bolt 12, idan kuma na taka birki da ƙafa bolt 3 kacal nake gani. Wani abokin sana'a ya ce kwantirolar ce ta mutu, in sayi sabuwa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Kada ka fitar da kuɗinka tukuna. Lambobi biyun da ka kawo, da 12 ɗin da 3 ɗin, su ne abin da lafiyayyar kwantirola, wato na'urar da ke aika wa birkin tirela wuta daga mota, take nunawa idan mota tana tsaye, muddin irin mai jin motsi ce. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya shaida cewa wuta tana isa ƙafafun tirelar. Kuma ina roƙonka, kada ka sake ɗora mata mota sai an gano matsalar. Tirela mai aksil biyu na fam 3,500 kowanne, idan ta cika takan kai fam 7,000, wato ta haura tan uku, birkin fikof kuwa ba a ƙera shi don ya tsayar da wannan nauyin shi kaɗai ba.

Mu fara da bolt 3 da ya tayar maka da hankali. Kwantirola iri biyu ce. Akwai mai ƙidayar lokaci, wadda da ka taka birki za ta fara sakin wuta tana ƙarawa har ta kai iyakar da ka saita, ko kana gudu ko kana tsaye duk ɗaya ne a wurinta. Akwai kuma mai jin motsi, wadda take da 'yar na'ura a ciki da ke auna yadda gudun mota yake raguwa, sai ta ba tirela wuta gwargwadon haka. Motar da ke tsaye ba ta da gudun da zai ragu, don haka ko ka danne birki iya ƙarfinka, wuta kaɗan za ta saki. Kwantirolar Tekonsha Prodigy alal misali, wadda mai jin motsi ce, idan ka riƙe birki a tsaye sama da daƙiƙa 5, takan riƙe tirela da kashi 25 cikin 100 na ƙarfin da aka saita mata. Rubu'in 12 kuwa 3 ne. Shi ya sa duk gwajin da za a yi a tsaye da libar hannu ake yinsa, bayan an murɗa ƙarfin zuwa ƙarshe. Abin da ƙafa take gaya mana a nan shi ne kwantirola tana sanin an taka birki, taka kuma ta sani.

Bolt 12 ɗin shi ne wanda nake so mu tsaya a kai, domin a nan mutane da yawa suke ɓata kuɗi. Mita irin ta dijital kusan ba ta jan wuta ko kaɗan; abin da take ja bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan na amfiya ba, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Waya mai zare talatin, ko da ashirin da tara sun tsinke saura ɗaya, mita za ta nuna maka bolt 12 cif. Kamar tiyon ruwa ne da aka taka a tsakiya: muddin bakinsa a toshe yake, ka taɓa shi ka ji a cike tam, amma kana buɗewa sai ɗigo. Birkin tirela shi ne buɗe bakin. Kai kuma ka auna ne filogi a zare, wato baki a toshe.

Ga yadda birkin yake aiki, don ka san lambar da za ka nema. A cikin kowane duram akwai maganaɗisu na lantarki a ƙarshen wani hannu na ƙarfe. Wuta na shiga sai ya manne da fuskar duram ɗin ta ciki, juyawar ƙafa ta ja shi, hannun ya buɗe lainin birki ya matse duram. Ƙarfin mannewar ya dogara ne da yawan amfiyar da ke ratsa maganaɗisun. A birki mai inci 10 ko 12, kowane maganaɗisu yana jan kimanin amfiya 3, turjiyarsa kuma om 3 da ɗoriya, a ce 3.2. Ƙaramin birki mai inci 7 yakan ja ƙasa da haka kaɗan. Huɗun naka a jere suke kan waya ɗaya, kowanne yana ɗibar nasa, saboda haka a tare suna neman kimanin amfiya 12, turjiyarsu a haɗe kuma om 0.8 ce kawai.

Ka lura da ƙanƙantar 0.8 ɗin nan. A ce tsatsa ta ƙara rabin om a bakin filogi. Jimla ta zama om 1.3, amfiya ta faɗi daga goma sha wani abu zuwa 9, abin da ke isa maganaɗisu kuma bai wuce bolt 7 da rabi ba. Sauran wutar ta zama zafi a wurin tsatsar, sama da wat 40 a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Shi ya sa kake ganin filogin da robarsa ta narke a rami ɗaya. Rabin om ɗin da ya cinye maka birki, mita ba za ta taɓa ganinsa ba idan babu lodi a kan wayar, wato abin da ke jan wuta.

Don haka awo na farko da zan yi shi ne na amfiya, tirela a jone. Ka nemi mita mai baki, wadda ake kama waya da ita, amma ka tabbatar tana auna wutar batir, domin masu araha da yawa wutar gida kaɗai suke ji. Kada ka yi amfani da ramin amfiya na ƙaramar mitarka: yawancinsu iyakarsu 10, birki huɗu kuwa zai iya ƙone mata fis. Ka sa waigi a ƙafafu, ka tayar da mota, ka kama shuɗiyar waya, wato wayar birki, ita kaɗai, ka sa wani ya ja liba har ƙarshe na 'yan daƙiƙoƙi. Idan ka ga 12 ko sama da haka kaɗan, wuta lafiya lau, matsalar ta ƙarfe ce a cikin duram. Idan ka ga kusan 9, ko ƙafa ɗaya ta fita daga layi ko akwai tsatsa a hanya. Kusan 6, sau da yawa aksil guda ne sukutum ba ya samun wuta. Sifiri kuwa, layi ya yanke. Idan lambar ta yi tsalle sama sosai sannan kwantirola ta yanke wuta, shuɗiyar waya tana taɓa ƙarfe a wani wuri.

Fuskar kwantirolar ma tana magana, a saurare ta. A irin Prodigy, harafin c yana nufin ta ga tirela, n.c. ba ta gani ba, SH waya ta taɓa ƙarfen jiki, OL kuma lodi ya yi mata yawa. Tana gane hakan ne ta hanyar aika ɗan bugun wuta lokaci-lokaci ta shuɗiyar waya ko ba a taka birki ba. Idan ka sa fitilar gwaji ka ga tana ɗan ƙyaftawa haka kawai, wannan ne, ba cuta ba ce. Sannan wutar da take saki ba a miƙe take ba, kunnawa da kashewa take yi da sauri ƙwarai, mita kuma matsakaicin take nunawa, shi ya sa wata mitar lambarta takan yi ta rawa a ƙaramin saiti.

Idan amfiya ba ta cika ba, sai a raba aikin gida biyu daga filogi: ɓangaren mota da ɓangaren tirela.

A ɓangaren mota wayoyi huɗu ne ke fita daga kwantirolar da aka ɗaura daga baya. Baƙa tana zuwa fozitif na batir ta cikin bireka mai komawa da kanta, amfiya 20 idan birki bai wuce huɗu ba, 30 idan shida ne ko takwas. Fara tana zuwa negetif, kuma masu ƙerawa suna so a kai ta har kan batir, kada a ɗaure ta a wani sukuru a ƙarƙashin dashbod. Ja tana zuwa makunnin fitilar birki, a ɓangaren da ba ya da wuta sai an taka. Shuɗiya ita ce ke tafiya baya zuwa soket. Kada a kuskura a juya baƙa da fara, ko na ɗan lokaci ne, wannan yana iya ƙone kwantirola. Ka auna tsakanin baƙa da fara yayin da aka ja liba tirela a jone: ya kamata ka ga kusan abin da batir yake nunawa. Idan ya faɗi ƙasa sosai, cutar tana gaban kwantirola, a bireka ko kan batir ko waya siririya. Wannan layi yana son waya lamba 12 ga aksil biyu, lamba 10, wadda ta fi kauri, ga uku ko huɗu. Jar wayar kuma idan aka jona ta da wadda sigina take bi, za ka ji birkin tirela yana kamawa yana saki duk lokacin da ka kunna sigina. Idan motarka tana da mazaunin kwantirola daga kamfani a ƙarƙashin dashbod, launin wayoyinsa ba lallai ya dace da waɗannan ba, ka bi aikin kowace waya da fitilar gwaji, kuma ka duba akwatin fis, don wasu motocin sukan zo ramin fis ɗin babu komai a ciki.

A soket mai baki bakwai na Amurka, idan kana fuskantarsa murfi a sama, ka ɗauke shi kamar fuskar agogo: birki yana ƙarfe 5, negetif yana ƙarfe 7, wutar batir tana ƙarfe 1. Tsakanin 5 da 7 za ka yi gwajin, amma da lodi. Abin da na fi so shi ne maganaɗisun birki guda ɗaya da aka jona wa wayoyi biyu, domin shi ne lodin da kwantirola ta sani. Kwan fitilar gaba mai wat 55 ma yana yi, yana jan sama da amfiya 4, sai dai wata kwantirolar takan ɗauke shi a matsayin waya ta taɓa jiki. Fitilar gwaji mai LED ba ta da amfani a nan, ita ma kamar mita take, ba ta jan komai. Ka ja liba a hankali, ka ga wuta tana hawa a hankali daga sifiri har sama da bolt 11, ta kuma tsaya a can da lodin a kai. Idan ta yi haka, to kwantirola da duk wayoyin mota ba su da laifi. Motocin da suka zo da kwantirola daga kamfani, irin wadda Ford ta fara sa wa fikof ɗinta Super Duty a 2005, su ma sau da yawa ba sa sakin wutar kirki sai sun ji lodi.

Yanzu filogin kansa. Kada ka tsaya a kallon waje, ka kwance shi. Abin da aka saba tararwa shi ne ɗan sukurun da ke riƙe shuɗiyar waya ko farar ya yi kore shar kamar an barbaɗa masa gari, zaren tagullar da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi, kana taɓawa yana karyewa. Ka fere robar wayar inci ɗaya ka ga baƙin ya bi ta ciki, sai ka ci gaba da yankewa har ka tarar da tagulla mai sheƙi. Gishirin da ake zubawa a titunan jihohin arewa lokacin ƙanƙara shi ne babban mai wannan ɓarnar, kai kuma mai zirga-zirga tsakanin jihohi ba ka tsira daga gare shi ba. Ka duba kuma 'yan ƙarafan da ke cikin ramukan, sukan buɗe baki su daina matse ƙarfen soket. Idan filogin ya kai haka, sauya shi ya fi gyara, kuɗinsa bai kai rubu'in na kwantirola ba.

Sai negetif, wanda a ganina shi ne aka fi zalunta a wannan aiki. Duk amfiya 12 da ta tafi ta shuɗiyar waya sai ta dawo, ta farar waya take dawowa. A tireloli da yawa an ɗaure farar ne da sukuru ɗaya a jikin shasi, kowane birki kuma ya ɗaure tasa a kusa da ƙafarsa. Idan sukurun gaba ya yi tsatsa, wuta takan lallaɓa ta koma ta ƙwallon jan tirela. Ƙwallon kuwa akwai giris, akwai tsatsa, yana kuma motsi, sai ka ga birki yana kamawa a tsaye a gida, a kan hanya kuma yana zuwa yana tafiya, kwantirola tana ƙyafta n.c. duk lokacin da aka faɗa rami. Gwajinsa da sauƙi: ka sa waigi, ka cire tirelar daga ƙwallo da sarƙoƙi, ka bar filogi kaɗai a jone, ka sake auna amfiya. Idan ta faɗi, ka kama ɓarawon. Ko kuma ka ja doguwar waya daga negetif na batir, ka auna bolt tsakaninta da shasin tirela yayin da aka ja liba. Ni ba na yarda da abin da ya haura rabin bolt. Gyaran shi ne a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, a sa sabon kan waya da noti, a shafe da giris. Wanda ya fi shi ne a ja farar waya mai kauri har zuwa kowane birki, a daina dogara da shasi.

A ɓangaren tirela, ka zare filogi daga mota ka auna om tsakanin bakin birki da na negetif. Ka fara haɗa tsinken mita biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka cire shi daga lissafi, domin 0.2 ko 0.3 na tsinken babban abu ne a kan 0.8. Kusan 1 ƙafa huɗu ne da wayarsu, 1.6 ƙafa biyu, 3 da ɗoriya ƙafa ɗaya ce kawai ta rage. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar mita. Tirelarka tana da birkin ko-ta-kwana, ɗan makunnin nan mai igiya da ƙaramin batir, wanda dokar tarayya ta ce dole ya iya riƙe tirelar 'yan kasuwa aƙalla minti 15 idan ta ɓalle. Ka zare filogi daga mota tukuna, don kada wuta ta koma wa kwantirola ta baya, ka ɗaga ƙafa da jak, ka juya ta, ka fizge fil ɗin makunnin da igiyar take ja. Ƙafa za ta ɗan juya sannan ta ƙame, domin sai da juyawa maganaɗisu yake jan hannun. Ka bi ƙafafu huɗun, ka mayar da fil da wuri don kada maganaɗisu ya yi zafi. Idan duk sun kama ta nan amma ba sa kamawa daga mota, cutar tana tsakanin akwatin haɗin wayoyi na tirela da dashbod. Idan babu wadda ta kama, ka fara auna ƙaramin batir ɗin kafin ka yanke hukunci, yawanci a mace ake samunsa.

Ƙafar da ta ƙi kamawa, ka leƙa bayanta. Wayoyi biyu ne ke shiga, ba su da fozitif da negetif, kowace ka juya daidai ne. Haɗinsu yana rataye ne a inda ruwa da tsakuwa suke dukansa, kuma sau da yawa da 'yan maƙalan roban nan masu huda waya aka yi shi, waɗanda ba su dace da ƙarƙashin tirela ba sam. Sannan wayar da ke tsallakawa ɗaya gefen takan bi ta cikin bututun aksil. A can take kwance tana gogar ƙarfe shekara da shekaru, ka zaro ta ka ga robar ta cinye a wurare kamar ɓera ya gaigaye, tagulla a waje. Ita ce ke kawo SH ko OL mai zuwa yana tafiya. Ba a gyara ta, yanke ta ake yi a bi da sabuwa ta bayan aksil a ɗaure da kyau. Maganaɗisun kuma ka auna shi shi kaɗai: om 3 zuwa 4 tsakanin wayoyinsa, tsakanin waya da jikinsa kuma kada mita ta nuna haɗi ko kaɗan. Idan fuskarsa ta cinye gefe ɗaya ko tagulla ta fara leƙowa, a sauya shi tare da na ɗaya gefen aksil ɗin.

Idan kuwa amfiya ta cika 12 kuma har yanzu tana turo ka, to lainin ya yi nisa da duram ko giris ya jiƙa shi. Birkin da ba mai gyara kansa ba, kamfanin Dexter mai ƙera aksil da birkin tirela ya ce a saita shi bayan mil 200 na farko, sannan duk mil 3,000, mai sana'a irin taka kuwa yana cinye wannan tafiyar cikin ɗan lokaci. Lainin da giris ya taɓa ba ya wankuwa, sai sabo, tare da sabon sil mai tare giris. Bayan gyara, ka sami fili mai kwalta busasshe, ka yi gudun mil 25 a awa, ka ja liba har ƙarshe, ka riƙa ƙara ƙarfi har ƙafa ta kusa ƙamewa, ka tsaya a nan. Saitin tirela babu kaya daban, na mai kaya daban.

Ga 'yan'uwa na gida da fikof ɗin Amurka ya faɗo hannunsu, a yi hattara: a filogi mai baki bakwai na Turai, shuɗiyar waya ta fitilar hazo ce, ƙananan tirelolin Turai kuma birkinsu da turawar nauyi yake aiki, babu ruwansa da kwantirola. Manyan tireloli masu birkin iska ma wannan bayanin bai shafe su ba.

Kwantirola zan yarda ta mutu ne idan baƙa da fara suna riƙe cikakken bolt ɗin batir a bakinta, ja tana kawo wuta idan an taka, na jona maganaɗisu mai lafiya kai tsaye a shuɗiyarta a nan cikin mota, na ja liba har ƙarshe a cikakken saiti, wuta ta ƙi fita ko ta faɗi. Bisa abin da ka bayyana, na fi zargin filogi da farar waya, sai wayar cikin aksil. Ka auna amfiyar nan da tirela a kan ƙwallo, ka sake aunawa bayan ka cire ta, ka aiko mini da lambobin biyu.